Akwatin Mama Sai-an-busa

Duk wanda ya taɓa bi ta tashar iyaka a Jibiya da hantsi ya san abin da idonsa zai fara gani a gindin dalbejiyar nan ta kusa da masu shayi: tsohuwa guntuwa, baki ba haƙori, ludayi a hannu, tana zaune ɗare-ɗare a kan akwatin gawa. Ba na aro ba fa, nata na kanta! Ka gaishe ta ta amsa, ta zuba maka kunu ko kana so ko ba ka so. In ka tashi tafiya kuma, ba za ta ce maka sai an jima ba, ba za ta ce sai gobe ba. Sai ta ɗaga ludayi sama ta ce, "Sai an busa!" Ƙahon ranar tashin matattu take nufi. Baƙo in ya ji haka, ya dubi abin da take zaune a kai, sai ka ga ya ƙara sauri. Mu 'yan gari kuwa har muka manta sunanta Saratu. Mama Sai-an-busa, shi ke nan.

Fasto ne ya ce tunda shekara ta zagayo, a samu wanda ya fi kowa saninta ya rubuta wani abu a karanta wa jama'a. Na ce, "Fasto, ni fa a aji uku muka rabu da boko, ba faɗa, kowa ya kama gabansa." Ya ce ba komai, in rubuta yadda nake magana. To, wanda ya miƙa wa kafinta alƙalami, kada ya yi mamaki in ya ji ƙarar guduma a ciki.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Bitrus kafinta, ƙanin mijinta marigayi Ishaku. Daga wani ƙauye na wajen Malumfashi muka zo garin nan, shi yana aikin masinja, ni ina gyaran katakon manyan motoci. Matar wa kuwa kun san abokiyar wasa ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta yau, al'ada ce ta ba ni izini, kada wani dattijo ya harare ni.

Akwatin nan ni na yi shi. Bayan mun binne Ishaku ba da daɗewa ba, sai ga ta a shagona da wata igiya a hannu. Ashe ta riga ta auna kanta.

Ta ce, "Kafinta, akwati nake so."

Na ce, "Na lefe? Ai ni ne magajin gida, Yaya, ba sai kin wahalar da kanki ba."

"Rufe mini baki, ɗan banza. Na kwanciya nake so. Ga tsawona. Kuma ban da ƙusa a murfi. Ka sa mini sakata daga ciki."

"Daga ciki? Wa zai buɗe?"

"Mai ɗakin mana! Ka taɓa ganin an sa wa ɗakin kwana sakata ta waje? Sai dai kurkuku. Ranar da aka busa ƙaho ba zan tsaya ina kokawa da ƙusoshinka ba, jama'a su yi gaba su bar ni. Yayanka ma, yadda na ga kun danƙare shi da ƙusa, na san sai na biya na taimaka masa."

Na yi dariya har da hawaye, amma aikin na yi shi da gaske. Maɗaci na samo, ja wur, wanda yanzu ko da fitila ba ka samun irinsa. Na goge shi har kana ganin fuskarka. Na sa sakatar ƙarfe daga ciki kamar yadda ta ce. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai shi kyau ba, kuma na ɗaukar wa raina alkawari cewa in Allah ya sa ta riga ni, da hannuna zan kwantar da ita a ciki. Ku riƙe wannan maganar, don a nan rigimar take. Akwati ɗaya ne, amma ya zo ya samu aiki biyu, kuma ba zai iya yin su tare ba.

Ga yadda ya samu aiki na biyun. Ɗakinta ƙanƙane ne, akwati bai shiga ba, sai ta ajiye shi a gindin dalbejiyar da take tuyar ƙosai. Yaya kuwa ba ta son ganin abu yana zaman banza. Da safe kujera ne, da rana in ciniki ya lafa sai ta shige ciki ta yi ƙailula, ta ja murfi saboda ƙuda. Na ce mata, "Haba Yaya, wannan wane irin abu ne?" Ta ce, "Gwaji nake. Ana sayen takalmi ba a gwada ba?"

Ana nan aka kawo wani sabon ma'aikacin iyaka, matashi, kakinsa ko ninki bai gama fita ba. An gaya masa masu fasa-ƙwauri ba inda ba sa ɓoye shinkafar waje, ko a tayar mota, ko a cikin katifa. Yana zagaye da tsakar rana, sai ya ga akwatin gawa sabo fil a gindin itace, ba kowa kusa. Ya ce a ransa yau ya yi babban kamu. Masu shayi suna kallonsa, ba wanda ya ce uffan, don su ma 'yan son kallo ne. Ya lallaɓa, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya ɗaga murfi.

Yaya ta tashi zaune zumbur, ido a buɗe, ta ce, "An busa?"

Wayyo! Jama'a, na ga gudu a duniya, amma ban taɓa ganin mutum ya tsallake bencin mai shayi da tukunyar shayin gaba ɗaya ba sai ranar. Ya bar hula, ya bar sanda, ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Yaya kuwa ta duba gabas, ta duba yamma, ta ga Jibiya na nan yadda ta bar ta, motoci na hayaƙi, sai ta ja tsaki ta ce, "Af! Ashe da saura."

Washegari bawan Allah ya dawo karɓar hularsa, yana sunkuyar da kai, ya kawo mata mudun shinkafa na ban-haƙuri. Ta rasa inda za ta zuba, sai ta juye a akwatin. Ranar kuwa akwai wasu mata da aka maido daga kan iyaka, ba kuɗin mota, ba abinci, suna zaune da goyo a rana. Ta dafa musu. Wani direba ya gani, ya zo da gero ya zuba. Wani ya kawo wake. Kafin ka ce me, ƙailula ta ƙare, don ba wurin kwanciya. Gero wajen kai, masara wajen ƙafa, wake a tsakiya. Mai shi ya ɗaga murfi ya zuba ya wuce, ba a tambayar sunansa. Marar shi ya zo da kwano, kunu da safe, tuwo ko dambu da yamma, shi ma ba a tambayarsa daga ina, ko wace alƙibla yake duba in zai yi addu'a. Da aka fara tashin hankali a dazuzzukan nan, mutanen ƙauyukan wajen Gangara da Bugaje suka riƙa kwararowa gari da tabarma a ka, da yawansu a gindin dalbejiyar nan suka fara sa wani abu mai ɗumi a ciki.

Amma kada ku ɗauka Yaya mai sakin hannu ce a komai. A kan jikinta, ban taɓa ganin marowaciya irinta ba. Zanen zumuntar matan majami'a guda ɗaya ta ɗaura har furannin jikinsa suka bushe suka kaɗe. Ɗanta Yohanna, wanda yake koyarwa a Kaduna, ya zo takanas ya ce zai kai ta a sa mata haƙoran roba.

Ta ce, "Na me?"

"Ki riƙa cin nama, Mama."

"Wa ya ce maka ina da nama? Yohanna, ana yi wa gidan haya dakali? Sabon jiki yana nan tafe, da haƙoransa cif, kyauta. In sayi na roba yanzu, ranar su yi mini yawa?"

Ya koma ya aiko mata da katifa mai kauri, don bayanta. Katifar ba ta ga kwana a ɗakinta ba. Wata baiwar Allah, Ramatu, 'yar wajen Maraɗi, naƙuda ta kama ta a tasha, mijinta ya tafi ci-rani ba labari. A kan katifar nan ta haihu, da katifar kuma aka kama mata ɗaki a bayan kasuwa. Da Yohanna ya buga waya yana tambaya ko katifa ta yi daɗi, Yaya ta ce, "Ƙwarai kuwa! Har ta haihu."

Ba kowa ne abin akwatin ya yi wa daɗi ba. Dattawan ikkilisiya suka zauna suka ce bai dace ba, makwabtanmu Musulmi za su ce Kirista ba su da ta-ido, suna cin abinci daga akwatin gawa. Aka sayo mata sabon durom mai murfi, shuɗi, mai kyau. Ni ma na ɗaga hannu na goyi baya, don ina ganin yadda mudu da ludayi suke ƙuje mini maɗaci. Aka ɗauke akwati aka kai bayan majami'a. Yaya ba ta yi gardama ba, abin da ya ba mu tsoro ke nan. Ta zauna a kan dutse kusa da durom ta ce, "To, mu gani."

Muka gani kuwa. Durom ya yi ta hamma. Mutanen da suke zuba mudu suka koma zuba tafi, masu tafi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Awaki suka gane yadda ake ture murfin. Ɓarayin da ba su taɓa kusantar akwati ba, durom ko gaisuwa ba su yi masa. Ƙarshe dai Alhaji Mamman, babban mai sayar da hatsi na kasuwar nan, wanda aka ce don shi da irinsa aka ɗauke akwatin, shi ya taka har ƙofar Fasto.

Ya ce, "Fasto, ina akwatin Mama?"

Fasto ya fara bayani a kan ta-ido da zaman lafiya.

Alhaji ya ce, "A'a, ku maido shi. Wallahi durom ba shi ba ni tsoro. Amma in na ga akwatin nan, sai in tuna ba da buhunana za a rufe ni ba, hannuna shi saki da kanshi. Ku maido muna abinmu."

Aka maido shi a amalanke, mata na guɗa. Yaya ta haye, ta gyara zama, ta dube ni ta ce, "Kafinta, ka ga wa'azin da ka sassaƙa? Ya fi bakinka amfani." Daga ranar kowa ya gane: ba Yaya kaɗai ake ba hatsi ba, ita da akwatin ake ba.

Sai kuma lokacin da aka rufe iyaka. Ba sai na tuna muku ba. Manyan motoci suka yi layi har ido ya gaji, albasa na ruɓewa a ciki, direbobi da yaran mota sun cinye guzuri, ba gaba ba baya. Ciniki ya mutu, hannun kowa ya ƙanƙance, masu kwano kuwa suka ninka. Wata safiya Yaya ta kankare ƙasan akwati da ƙoƙo, ba ta samu abin da zai yi kunun jariri ba. Na ce yau dai za ta yi kuka. Ina! Sai ta ce, "Kafinta, samo amalanke."

"Za mu ina?"

"Kasuwar hatsi."

Ta ɗaura tsohon zanen zumunta, ta sa takalminta, ta shige akwati ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji. Ni kuma, tsohon banza, na tura ta har tsakiyar rumfunan 'yan hatsi. Jama'a suka taru ana salati, wasu na cire hula. Alhaji Mamman ya fito da gudu, carbi na lilo, yana cewa, "Innalillahi! Yaushe?"

Sai murya ta fito daga ciki: "Ba tukuna ba, Alhaji."

Ya ja da baya. "Mama, mi ya yi zafi haka?"

Ta ce, "Ba zafi. Akwatin ne ba ya son zaman banza. Ko ku cika shi da gero, ko ni in cika shi. Ga kafinta nan da murfi, ku zaɓa."

Wani ya ce, "Mama, kasuwa ta mutu!"

Ta ce, "Ni da nake bin wanda ya mutu ya tashi za ka gaya wa mutuwa? Zuba, ɗana, za ta tashi."

Aka fashe da dariya, mai kuka na yi. Alhaji ya ce, "Ku fito da ita kada ta ja muna abin faɗi!" Suna ɗaga ta, mudu na sauka. A ƙafa ta koma tasha, tana gaba tana waƙa, ni ina baya ina nishi da amalanke, don gero ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Ranar wani direba ɗan Maraɗi, Isufu, wanda motarsa ta maƙale a layin, ya ci tuwo yana hawaye ya ce, "Mama, jandarma da duwan, wato 'yan kwastan, duk na ba su, ba wanda ya taɓa ba ni. Ke mi zan ba ki?" Ta ce, "Ka wanke kwanon."

Kullum cewa take a makon Ista, na bikin tashin Almasihu, za ta tafi, don ta samu rakiya. Ko a nan sai da aka yi mata gardama. A tsakiyar damina ciwon ya kwantar da ita, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, masu kwano sun fi na kowane lokaci yawa. Ranar Litinin da la'asar na je duba ta. Ta zama 'yar mitsitsiya a kan tabarma, amma idon nan yana nan.

Ta ce, "Kafinta, matso. Akwatin a cike yake?"

"Har baki. Jiya Alhaji ya zuba."

"To, kada a taɓa shi."

Na ce, "Yaya, a me za mu sa ki?"

"Ko a tabarma. Daɗewa zan yi? Ubangijina Yesu ma aron kabari ya yi, ya ɗan kwanta, ya mayar wa mai shi da kayansa."

"Aikina fa? Maɗacina? Alkawarin da na yi?"

"Aikinka ya yi abin da ya fi ƙarfinka, ka gode wa Allah. Ba a tashin masu ci don a shimfiɗa wa wadda ta ƙoshi. Sakatar kawai za ka cire, ka sa mini a duk inda kuka kwantar da ni." Ta kama hannuna ta matse. Na jira ta faɗi maganar nan tata, sai ta yi murmushi ta ce, "Ka san sauran."

Da asubahin Talata ta cika.

Yohanna ya iso da hantsin Laraba, ido jajur, ya wuce kai tsaye gindin dalbejiya da buhuna a hannu. Ya ce a juye hatsi, a wanke akwati, yau za a yi jana'iza. Na gaya masa abin da ta ce.

Ya ce, "Baba Bitrus, yau ba ranar wasa ba ce."

"Ba wasa nake ba, ɗana."

"Tun ina yaro nake jin ta tana cewa a nan za ta kwanta. Duk garin nan sun ji. Ta hana kanta haƙori, ta hana kanta katifa, abu ɗaya tak da ta yi wa kanta a duniya shi ma za a hana ta? A juye a buhu. Daga baya ka yi musu wani."

Jama'a, ranar na san illar zama mai barkwanci: in ka zo da gaskiya ba mai saye. Kuma yaron yana da gaskiyarsa. Ni kaina rabin zuciyata tana bayansa, don na daɗe ina jiran in ga aikina ya yi abin da aka yi shi dominsa. Amma mun ga abin da ya faru da durom tana raye ma. Sabon akwati ba ita, katako ne kawai. Wannan kuwa, wurin zamanta ya lotsa a murfinsa, kowa ya gani ya san na wace ce. Alhaji Mamman ya matso ya ce a hankali, "Yaro, in akwatin nan ya shiga ƙasa, tukunyar za ta bi shi." Yohanna bai ko ɗaga kai ba. Ya buɗe murfi ya fara ɗibar gero yana zubawa a buhu. Masu kwano suna tsaye a layinsu na kullum, don ƙafarsu ta saba kawo su ko an ce musu babu. Ni kuma ba ni da abin da zan ce a yi da shi. Shagona ya daɗe a rufe, ba ni da katako ko na kujerar tsuguno.

Sai muka ga mutane suna darewa. Ramatu ce, wadda ta haihu a kan katifa, tafe da ƙyauren ɗakinta a ka. Ta ciro shi da ƙusoshinsa. Ta dire shi a gaban Yohanna tana haki, ta ce, "Ɗan Mama, ga katako. Ni na kwana bisa katifarta, ita ta kwana bisa ƙyaurena. Ka bar muna akwatin."

Yohanna ya tsaya da ƙoƙo a hannu. Ya ce, "Ke da me za ki rufe ɗaki?"

"Da zane. Mi gare ni da za a sata?"

Kafin ya yi magana, Isufu direba ya ruga wajen motarsa, muka ji ƙarar ɓamɓara, ya dawo da faffaɗan katako daga jikinta, da zanen dawisu a kai, kore da ja. Mai shayi ya tashi mutane daga bencin nan da ma'aikaci ya taɓa tsallakewa, ya kawo. Alhaji ya aika aka ciro katakon da yake zama a kai a rumfa. Wata tsohuwa 'yar gudun hijira, ba ta da komai, ta kawo muciya ta ce ko za ta yi amfani. Katako ya taru a gindin dalbejiya har ya fi ƙarfin akwati ɗaya.

Yohanna ya dubi tulin, ya dubi layin masu kwano. Sai ya ɗaga buhun da ya fara cikawa, ya juye geron ya koma inda ya fito. Ya durƙusa ya kifa kai a kan murfin, a daidai inda ya lotsa, ya yi kukan da bai yi ba tun isowarsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Baba, ina zartonka?" Ya juya ga matan zumunta ya ce, "A ɗora kunu. Mutane na jira."

Hannuna yana rawa yanzu, kun sani. Amma ranar bai yi ba. Isufu ya riƙe, Alhaji ya danne, ɗan marigayiya ya ja zarto, ni ina ba da umarni kamar sarkin yaƙi. Kafin azahar mun gama. Jama'a, a matsayina na kafinta mai mutunci, dole in faɗi gaskiya: ban taɓa yin mummunan akwati irin wannan ba. Gefe ɗaya shuɗi, gefe ɗaya tabon shayi, murfi da dawisu rabin jela, muciya kuma ita ce mariƙi. Na kwance sakata daga tsohon, na ɗaura a sabon, daga ciki. Da hannuna na kwantar da ita, da tsohon zanenta da takalminta a ƙafa. Alkawari dai ya cika, sai dai ba yadda na tsara ba.

Jana'izar kuwa kun gani da idonku. Majami'a ta cika ta batse, waje ya fi ciki yawa. Musulmi suka tsaya a bakin hanya a jere har maƙabarta, direbobi suka saki hon gaba ɗaya, har wata tsohuwa ta ce, "Kai, ku bari, kada ta ɗauka an busa!" Matan zumunta suka kama ganga da tulu, aka yi rawa da akwati a kafaɗa kamar ana kai amarya. A bakin kabari wani mai haƙa, baƙo ne bai sani ba, ya miƙo mini guduma da ƙusa. Yohanna ya riƙe hannunsa ya ce, "A'a. Mai ɗakin za ta buɗe da kanta." Fasto ya buɗe baki zai yi wa'azi, ya rufe, ya ce an riga an yi. Ya ɗaga murya kawai ya ce Almasihu ya tashi, jama'a suka amsa har tsuntsaye suka watse daga itatuwa.

Akwatin maɗaci yana nan a gindin dalbejiya. Shekara guda ke nan bai taɓa ganin ƙasansa ba. Ramatu da matan zumunta ne ke tuƙin tuwo, an yi mata sabon ƙyaure da ragowar katako. Wanda yake zama a kan murfi kuwa, ni ne. Kada ku damu, ba zan gaje shi ba: da igiyarta aka auna, ƙafafuna ba za su shiga ba. Ko a nan ta yi mini wayo.

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka bar kabari ba kowa, ga baiwarka Saratu mun ba ka ajiya. Ta ciyar da kai cikin kowane mai yunwa a bakin iyaka, ba ta tambayi sunanka ba. Ka zaunar da ita a teburinka, ka cika mata alkawarin sabon jiki, da haƙoransa. Ka sa albarka a hannun duk mai ɗaga murfin nan, da mai zubawa da mai karɓa. Ni kuma tsohon kafintanka, in lokacina ya yi, ka sa a kwantar da ni kusa da ita, don na san ita za ta fara ji, ta tashe ni.

Yaya, ki huta. Sai an busa.